Ranar da muka juye jakar Yaya a kan teburin mai harhaɗa magunguna

A asibitin da ake yi wa yayata kemo, wato maganin kansa da ake sawa a ruwa, akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, dab da inda ake haɗa ledojin ruwan magani. Mako shida muna wucewa ta ƙofarsa ban san abin da ake yi a ciki ba. Ashe a nan mai harhaɗa magungunan kansa take zama da majinyata, kwana biyu a mako, tana duba duk abin da suke sha wanda ba likita ne ya rubuta ba, ganye ne, sassaƙe ne, shayi ne, kafso ne ko mai. Wannan hidimar nake so in ba da labarinta, in faɗi yadda ta amfane mu, in kuma faɗi inda ban gamsu da ita ba, don na san gidaje da yawa suna da irin jakar da muke da ita.

Kansar ƙwan mahaifa aka samu a jikin Yaya, tana da shekara 56. Wata da watanni cikinta yana kumbura, ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi, muna ta ɗauka gyambon ciki ne. Kafin a gano, ciwon ya kai mataki na uku. Likita ya tsara mata kemo sau uku, sannan tiyata, sannan a ƙara sau uku. Magani biyu ake sa mata a ruwa duk bayan mako uku, carboplatin da paclitaxel. Ni ce mai rakiya, ni ce kuma mai riƙe littafin da muke rubuta ranaku da sakamakon gwaji.

Jakar kuwa soyayya ce ta tara ta. Duk wanda ya zo dubiya da abin da zai zaro daga aljihu ko daga jaka, ya ce wance ta sha ta warke. Ɗanta ya yi oda ta intanet aka kawo kwalabe huɗu. Ni ma na sayo nawa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma mu duka ruwan ya ci, ba ita kaɗai ba. Babu wanda ya faɗa wa likita. Ba ƙarya muka yi masa ba, ya tambaya ranar farko ko tana shan wasu magunguna muka ce a'a, a lokacin kuma gaskiya ne. Daga baya abin ya taru, shi bai sake tambaya ba, mu kuma muna tsoron faɗa.

Ranar da za a yi mata zagaye na uku aka ɗebi jini da safe, muka zauna jira. Wajen sha ɗaya nas ta zo ta ce ba za a sa ruwa yau ba. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun yi ƙasa, gwajin hanta kuma ya haura. Dama kwana biyu kafin nan Yaya ta yi haɓo, dasashinta ma yana jini in ta goge baki. Nas ɗin ta sunkuyo ta rage murya, ta ce, "Ban da abin da muke ba ta, akwai abin da take sha a gida?" Na kalli Yaya, Yaya ta kalli ƙasa. Nas ɗin ce ta rubuta mana takarda zuwa ɗakin nan, ta ce mu zo da komai, har wanda muke ganin ba magani ba ne.

Abu na farko da zan yaba shi ne tarbar. Mun shiga a ɗarare muna jiran a wanke mu tas. Matar ba ta kai Yaya shekaru ba, ta miƙe ta gyara mata kujera, ta shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ta ce, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki juye duka, ba abin da zan gani a nan wanda ban taɓa gani ba." Yaya ta juye. Abu goma sha huɗu na ƙirga. Matar ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ɗauki biro, kowanne ta ɗaga sai ta yi tambaya huɗu: nawa take sha, sau nawa, tun yaushe, kuma don me. Tambayar ƙarshen nan ita ce ta buɗe bakin Yaya. A nan na fara jin abubuwan da ni kaina mai kwana da ita ban sani ba, cewa ba ta barci sai asuba, cewa takan yi kwana huɗu ba ta yi bayan gida ba, cewa yatsun ƙafarta sun fara minjirya tun zagaye na biyu. Kowace kwalba a teburin nan amsa ce ga wata damuwa da ba ta kai wa likita ba. Mai harhaɗa magungunan ta rubuta damuwoyin a gefe daban, ta ce waɗannan ma aikinta ne, domin in ta karɓe kwalba ba ta magance dalilin shanta ba, gobe wata kwalbar za ta maye gurbinta.

Kafin ta taɓa ko ɗaya sai da ta zana mana ƙoda da hanta a bayan takarda. Carboplatin ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake auna ƙarfin ƙoda kafin kowane zagaye, a lissafa adadin da za a sa da wata ƙa'ida da ake kira lissafin Calvert, wadda ake amfani da ita tun 1989. In ƙoda ta yi rauni ba a sani ba, maganin zai daɗe a jini ya ci ɓargo, ƙwayoyin jini su zube. Paclitaxel kuma hanta ce take narkar da shi, da wasu sinadarai biyu masu suna CYP2C8 da CYP3A4. Duk abin da ya hanzarta su zai sa maganin ya fice kafin ya gama aiki, duk abin da ya danne su zai sa ya taru ya zama guba. Sai ta ƙara da abin da ya sa Yaya ɗago kai. Ta ce shi paclitaxel ɗin ma daga sassaƙen bishiya aka fara samo shi, wata bishiya da ke tsirowa a arewa maso yammacin Amurka. An ɗebo ɓawonta a 1962, masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka bayyana tsarin sinadarin a 1971, ba a kuma amince a ba majinyata ba sai 1992, kuma kansar ƙwan mahaifa ce ta farko da aka amince da shi a kanta. Yaya ta ce, "Ashe ni ma sassaƙe ake ba ni." Ta ce, "Sassaƙe ne, Mama, amma wanda aka yi shekara talatin ana aunawa kafin a sa miki. Ni ba gaba nake da ganye ba. Don na san yana da ƙarfi nake tsoronsa."

Wannan maganar ita ce ta sa muka saki jiki, kuma ina ganin ita ce darajar hidimar gaba ɗaya. Wanda ya ce maka ganye shirme ne ba za ka sake nuna masa jakarka ba.

Abin da ya fi tayar mata da hankali ba shi ne abin da na zata ba. Wata farar kwalba ce mai kyan gani, an zana wata da taurari a jiki, an rubuta cewa tana kwantar da hankali tana sa barci. Cikin waɗanda ɗan Yaya ya aiko ne. Ta juya bayan kwalbar ta kai kusa da fitila, ta bi ƙananan rubutun da farce har ta tsaya a kan kalma biyu, Hypericum perforatum. Ganyen da aka fi sani da St John's wort ke nan, ana sayar da shi a ƙasashe da yawa don damuwa da rashin barci. Ta ce a duk ganyayen da aka yi bincike a kansu, wannan ne babu jayayya a kansa. Akwai wani sinadari a cikinsa, hyperforin, da ke zuga hanta ta yawaita CYP3A4, sai ta riƙa share magunguna daga jini da gaggawa. A 2002 likitoci a birnin Rotadam na ƙasar Holan sun gwada shi a jikin majinyata biyar da ke karɓar wani maganin kansa mai suna irinotecan, suka tarar sinadarin da ke kashe kansar ya ragu a jini da kashi 42 cikin ɗari. Ta tsaya ta bayyana mana cewa wancan maganin daban ne da na Yaya, amma ƙofar da suke bi a hanta suna tarayya a kanta, don haka babu likitan da zai yarda a haɗa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ba a gane shi. Mai shansa zai iya jin kemo ya yi masa sauƙi, ya ɗauka ganyen ne ke taimaka masa, alhali maganin ne ba ya zama a jiki. Kuma ko an daina, sai an yi kamar mako biyu kafin hanta ta koma daidai. Yana kuma rage ƙarfin magungunan hana gudan jini irin su warfarin da rivaroxaban, waɗanda masu wannan kansar da yawa suke sha saboda jininsu na saurin yin guda a jijiya. Kwana goma sha tara Yaya ta yi tana sha. Mai harhaɗa magungunan ta rubuta adadin, ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa, ta ce za ta kai wa likita da kanta.

Daga nan ta jawo kwalabe biyu gefe guda saboda gwajin hantar. Ɗaya kafson kurkum ne, ɗaya na tataccen koren shayi. Ni a ganina waɗannan su ne mafi aminci a jakar, tunda abubuwa ne da kowa ya sani. Ta nuna mini cewa na kurkum ɗin an haɗa shi da piperine, sinadarin baƙin barkono, wanda ake sawa don hanji ya tsotse shi ninkin ba ninkin. Ɗan abin da ake barbaɗawa a tukunya kusan duk wucewa yake yi, kafso kuwa an ƙera shi ne don ya shiga jini. A 2019 an samu jerin mutane a Italiya da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso, an kuma ruwaito irinsa a Amurka. Koren shayin ma haka. Kofi ɗaya ko biyu ba ta hana ba, amma hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa daga miligiram 800 na sinadarin EGCG a rana, a sifar kafso, ana ganin gwajin hanta yana hawa. Ta lissafa abin da ke jikin kwalbar Yaya, ƙwaya biyu safe biyu yamma, ya wuce haka.

Ƙwayar tafarnuwa da ta ganyen ginkgo ba ta ɓata lokaci a kansu ba. Suna rage wa jini saurin daskarewa, ga carboplatin ya riga ya zubar da ƙwayoyin daskarewar, ga tiyata tana tafe. Likitocin da ke sa barci a ɗakin tiyata kan nemi a daina irin waɗannan mako biyu kafin aiki. Ta ture su.

Sai aka zo kan tawa. Da na ji Yaya tana cewa tafin hannunta na sagewa, na yi bincike cikin dare, na ga ana yabon wani abu mai suna acetyl-L-carnitine don kare jijiyoyi, na sayo na riƙa ba ta da hannuna. Mai harhaɗa magungunan ta riƙe kwalbar ta ɗan jima, sannan ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, likitoci ma sun yi zaton abin da kika yi zato." An gwada shi a Amurka a jikin mata 409 masu kansar mama da ke karɓar magani dangin paclitaxel, aka wallafa sakamakon a 2013. Bayan mako 24, waɗanda suka sha shi sagewar jijiyoyinsu ta fi ta waɗanda ba su sha ba muni. Na kasa magana. Na tuna yadda nake tsayawa a kanta sai ta haɗiye. Yaya ce ta kamo hannuna ta ƙarƙashin tebur ta matse. Matar ba ta tsaya rarrashi mai tsawo ba, ta ce abin da ya kamata yanzu shi ne likita ya san minjiryar ta fara, domin shi yake da ikon rage adadin paclitaxel kafin jijiyoyin su lalace, kuma ɓoye masa don tsoron kada a rage magani shi ke barin mutane da ƙafar da ba ta jin ƙasa har bayan an gama kemo.

Garin ganyen graviola da ƙwallon aprikot da aka niƙa, waɗanda ake tallatawa a intanet da cewa suna kashe kansa, ta ce babu gwajin da aka yi a jikin mutane da ya nuna graviola yana rage ciwon, duk hayaniyar daga gwajin ƙwayoyin halitta ne a faranti. Illarsa ga jijiyoyi kuwa tun ƙarshen shekarun 1990 likitoci suka danganta yawan shansa da wata cutar makyarkyata a tsibirin Gwadaluf. Ƙwallon aprikot yana sakin gubar sayanayid a ciki. Sinadarinsa ne aka sayar da sunan laetrile, aka gwada a jikin majinyata 178 ƙarƙashin jagorancin asibitin Mayo, aka wallafa a 1982 cewa bai warkar ba, bai tsawaita rai ba, wasu ma sun nuna alamun guba.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan wata gorar roba marar rubutu, mai ruwa baƙi-baƙi da guntattakin saiwa a gindi. Aminiyar Yaya ce ta kawo, wadda suke tare tun suna 'yan mata, kuma kullum sai ta kira ta tambaya ko an sha. Yaya ta ɗora hannu a kan gorar ba ta so a ɗauka. Mai harhaɗa magungunan ba ta ja ba. Ta ce ba za ta iya cewa komai game da abin da ke ciki ba tunda babu suna, kuma wannan shi ne dalilin hanawar. Ta ba mu labarin abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990, inda mata sama da ɗari masu shan haɗin ganyen rage ƙiba ƙodarsu ta lalace, saboda an musanya saiwa ɗaya da wata mai kama da ita a suna, dangin Aristolochia. Can ma akwai rubutu a jikin kwalba, aka yi kuskure, balle inda babu. Ga kuma ruwan jiƙo da ya kwana ya wuni, a makon da fararen ƙwayoyin jini suka faɗi, wajen kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kemo, ƙwayar cuta ƙalilan ta isa ta kwantar da mutum.

Yaya ta ce, "To me zan ce mata? Da kuɗinta da ƙafarta ta nemo mini."

Ta ce, "Ki ce mata asibiti sun ce a dakata da komai har a gama ruwa. Ki ɗora laifin a kaina, Mama, na saba ɗauka. In tana so ta yi miki wani abu, ta zo ta zauna da ke ranar kemo, awa uku ake yi ana sa paclitaxel kaɗai, zaman yana da tsawo."

Haka aka yi. Aminiyar ta zo zagaye na uku da na huɗu, ita ce take riƙe mata ƙafa tana matsawa. Ban taɓa tunanin ma'aikacin asibiti zai damu da abin da majinyaci zai faɗa wa wanda ya ba shi kyauta ba, amma a nan ne mafi yawan shawarwarin likita suke mutuwa, a bakin ƙofar gida.

Ba komai ta hana ba. Citta ta bar mata, ta ce an gwada ta a Amurka, aka wallafa a 2012 daga majinyata 576, aka ga rabin giram zuwa giram ɗaya a rana yana rage tashin zuciyar ranar farko in an haɗa da maganin amai na asibiti. Ta ce kada a wuce haka, a kuma dakata kafin tiyata. Don taurin bayan gida, wanda ta ce maganin amai ondansetron ne ke jawo shi, ta sa likita ya rubuta ƙwayar senna, wadda ita ma ganye ce. Amma ta ja kunnenmu sosai: mai wannan kansar hanjinta na iya toshewa, in ciki ya kumbura da murɗa da amai, iska ma ba ta fita, ba maganin wanke ciki za a nema ba, asibiti za a taho a daren. Ƙwayar biotin da Yaya ke sha don gashi ta ce ba za ta hana zubewar ba, gashin zai dawo da kansa bayan an gama. Kwalbar tana ɗauke da maikrogiram 10,000, alhali abin da babba ke bukata a rana 30 ne, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa yawansa yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini. Tunda da gwajin CA-125 ake bin sawun ciwon Yaya, ta ce bai dace a bar abin da zai iya sa lamba ta yi ƙarya ba. Rashin barcin kuma, ta gano yana tsananta ne a kwanakin da ake ba ta dexamethasone, maganin da ake haɗawa da kemo don rage amai da borin jiki, ta yi magana da likita aka mayar da na bayan kemo zuwa safiya.

Tana aiki tana duba wata manhaja a waya mai suna About Herbs, ta asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering da ke Niyok. Kyauta ce, da Turanci take, kowane ganye an ware bayanin majinyata daban da na ma'aikatan lafiya. Na sauke ta a wayata, yanzu duk abin da aka kawo sai na duba sunansa na kimiyya kafin in kai mata tambaya.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Wannan zaman kamata ya yi a yi shi kafin a sa ledar farko, a kuma maimaita a tsakiya. Mu sai da jini ya faɗi, aka ɗage magani mako guda, sannan wata nas mai lura ta tuna da ɗakin. Babu allo a ƙofar da ke faɗin abin da ake yi, babu wanda ya ambata mana shi ranar da aka yi mana bayanin kemo. Na tambayi mata shida da muke zama layi ɗaya, ɗaya ce kawai ta taɓa shiga, kuma biyar ɗin duk akwai abin da suke sha. Mutum ɗaya ce ke riƙe da aikin, ranar da ba ta nan ɗakin a kulle yake. Mun jira fiye da awa biyu a kan benci marar majingina, da mai ciwon da ko zaman minti goma wahala ne gare ta. Takardar da aka buga aka ba mu cike take da kalmomin likitanci, da ba don matar ta juya bayanta ta rubuta mana da hannu ba, da ba ta amfane mu ba. Lambar wayar da aka ba mu kuma ba a ɗauka daga yammacin Juma'a har Litinin, alhali a ƙarshen mako 'yan dubiya suka fi zuwa da kwalabe. Duk waɗannan ba laifin matar ba ne, laifin tsarin da ya ɗauki aikinta a matsayin ƙari ne.

Bayan mako guda jinin ya hau aka sa ruwa. Bayan mako uku gwajin hanta ya sauko kusa da daidai. Na koma da murna na ce mata ashe kurkum ne. Ta girgiza kai. Ta ce carboplatin shi kaɗai yana zubar da ƙwayoyin jini, paclitaxel shi kaɗai yana iya taɓa hanta, an kuma daina abu goma a rana ɗaya, ba za ta iya nuna ɗaya da yatsa ba. Abin da za ta iya cewa shi ne yanzu in lamba ta motsa, likita ya san abin da yake kallo. Na so ta ba ni mai laifi, ba ta ba ni ba, daga baya kuma na ga wannan ne ya sa na ƙara yarda da sauran maganganunta.

Na tambaye ta ko masu haɗa ganye da kemo su ne suka fi ba ta wahala. Ta ce a'a, waɗannan ai suna zuwa, ana iya zama da su. Waɗanda ke hana ta barci su ne masu yin zagaye biyu su ɓace, su dawo bayan wata shida ciki ya cika da ruwa. Ta ambaci wani bincike na jami'ar Yale da ya fito a 2018, inda aka bi majinyata 281 masu kansar mama, huhu, hanji da prostate ta maza da suka zaɓi maganin gargajiya shi kaɗai suka bar na asibiti, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka karɓi maganin asibiti sau biyu da rabi. Shi ya sa ba ta yi wa kowa tsawa. Wanda aka kunyata yau, gobe ba zai dawo ba.

Ga wanda zai je irin wannan zaman, a asibitinku ko da babu ɗaki na musamman, ku nemi ganin mai harhaɗa magungunan sashen kansa da bakinku, kada ku jira a tura ku. Ku tafi da kwalaben kansu, ba sunayensu ba, domin abin da ake nema yana cikin ƙananan rubutun baya. Ku rubuta ranar da aka fara shan kowanne. Mai jinya ya shiga tare da majinyaci, amma ya bar shi ya amsa tambayar "don me" da kansa.

An yi wa Yaya tiyata lafiya, saura zagaye ɗaya a gama. Likita yana maganar ɗora ta a kan ƙwayar olaparib bayan nan, tunda gwaji ya nuna tana ɗauke da sauyin ƙwayar halittar BRCA. Mai harhaɗa magungunan ta riga ta ba mu rana, ta ce shi ma ta CYP3A yake bi, takardar da ke cikin kwalinsa ta hana garehul da lemon Sebil mai ɗaci, kuma tunda kullum za a sha shi a gida ba nas a kusa, zaman zai fi na farko tsawo. Ta ce mu sake zuwa da jakar. Na duba ta jiya da daddare, abu uku sababbi sun shigo, duk a rufe suke ba a fasa ba, Yaya ta rubuta sunan wanda ya kawo kowanne a jikin murfin.